A waiwayi yaron da ke zaune a bayan aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan gidan rediyonku.

Maganar haɗa yara masu naƙasa aji ɗaya da sauran yara ta yawaita a bakin masu bincike da ƙungiyoyi, har ana haɗa ta da batun kwanciyar hankalin ɗalibi a lakwal. Na koyar a firamare a jihar Tawa har na yi ritaya, shi ya sa nake so in sa baki. Yawancin masu maganar hankalinsu na kan makaho ko gurgun da ke zaune gida, yadda za a kawo shi makaranta, kuma hakan daidai ne. Amma akwai waɗanda tuni suna cikin ajin, sunansu na cikin rajista, ba wanda ya san suna da lalura: mai jin magana sama-sama, mai ganin allo dishi-dishi, mai farfaɗiyar da iyaye ke ɓoyewa. Su ne ake ce wa daƙiƙai.

Takardu dai ba mu rasa su ba. Tun 1994 taron Salamanka a ƙasar Sifen ya ce makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro. Muna da dokar ilimi ta LOSEN ta 1998, Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce naƙasassu kashi 4.2 cikin ɗari ne na ƴan ƙasa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta kashi 16 cikin ɗari a duniya baki ɗaya. A ganina wannan tazara ba ta nufin mun fi kowa lafiya. Mai ƙidaya abin da maigida ya faɗa masa yake rubutawa, maigida kuma abin da ido ke gani yake faɗi.

Ƙasarmu tana cikin yankin sanƙarau, har an rufe makarantun Yamai saboda shi a watan Afrilun 2015. Cikin yaran da suka tashi daga wannan ciwo akwai waɗanda yake bari da raunin ji, haka ma kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya ba magani. To, a ɗauki irin wannan yaro a sa shi CI, wato aji ɗaya na firamare. A gida Hausa yake ji, ko Buzanci, ko Fulatanci, mushe kuma, wato malamin aji, da Faransanci yake magana. In aka yi tambaya ya yi zuru, ta ina malami zai gane ko Faransancin ne bai iya ba, ko muryar ce ba ta kai masa ba? Ka lura da shi lokacin shifta. Bakin malami yake kallo, ya karkata kai gefe guda, in an ce a ɗaga alluna sai ya saci kallon na kusa da shi kafin ya ɗaga nasa. Malami ya ce satar amsa ce, a tura shi baya, inda daman ba ya jin komai. In ajin rumfar zana ne abin ya fi muni. Tun gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a 2021 kowa ya san haɗarin wuta a irin waɗannan rumfuna, sai dai ba a cika maganar hayaniya ba. Zana ba ta tare sauti. Ƴan CP (aji biyu) na rera ƙidaya a can, muryarsu na cikin kunnen ƴan CE1 (aji uku) a nan.

Farfaɗiya kuwa tata matsalar dabam ce. Yarinya ta faɗi a fili, yara su watse don an gaya musu in yawunta ya taɓa mutum ya ɗauka. Ba a ɗaukar farfaɗiya, kuma akwai maganin da ke tsayar da faɗuwar ga mafi yawan masu ita. Amma washegari ba mai zama benci ɗaya da ita, ba mai shan ruwa da kofin da ta sha. Bayan ɗan lokaci uwar ta ce ta zauna gida, a rajista a rubuta ta bar makaranta, ba dalili.

A Yamai akwai makarantar makafi ta Soly Abdourahmane da ta kurame ta Hassane Bana Ba, Allah ya saka wa malamansu. Amma daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, kuma yaran da nake magana a kansu ba can suke buƙata ba. Bencin gaba suke buƙata, da malamin da zai juyo ya fuskance su in yana magana, ba ya riƙa bayani yana kallon allo ba. Wani yaron kuma tabarau kawai ya rage masa.

Ga roƙona ga masu bincike, musamman na Jami'ar Djibo Hamani da ke nan kusa da mu. Ku shiga ajin ku zauna a layin baya, ku gwada ji da ganin yaran da ke maimaita aji, mu san nawa ne cikinsu lalura ce ta riƙe su. Gwajin farko ba ya cin kuɗi: takarda mai harafin E a nisan mita 6, sai a tsaya bayan yaro a kira sunansa da raɗa. Wannan abu ne da za a iya koya wa kowane ɗalibin makarantar horon malamai ta Kaocen kafin a tura shi ƙauye. In kun gama kuma, kada sakamakon ya ƙare a rahoton Faransanci a ofisoshin Yamai. A dawo da shi gaban COGES, kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata, cikin harshen da suke ji, don su ne za su kai yaro likita.

Ku kuma, Edita, ku gayyato likitan kunne da na ido cikin shirinku kafin komawa lakwal a watan Oktoba, ku buɗe layi iyaye su yi tambaya. A faɗi maganar farfaɗiya ɓaro-ɓaro, a kuma maimaita shirin da dare, lokacin da mutanen ƙauye suka dawo gida.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare, Tawa