Ganye da 'ya'yan itace a kwanon tsofaffinmu na Zango

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana da masu riƙe da tukunya a gidajen Aboabo, Asawase da Sabon Zango a nan Kumasi, game da abincin iyayenmu da kakanninmu.

Dattijon da aka samu da hawan jini ko ciwon suga, ba ya barin asibiti sai an ce masa ya riƙa cin ganye da 'ya'yan itace. A yi mako biyu ana saye, sai a koma gidan jiya. A ganinmu abin yana mutuwa ne saboda an mai da shi magani na daban, ba a sa shi cikin girkin da Baba ya saba da shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 a rana, wato kashi 5 na giram 80. Lemu ɗaya kashi ne, haka ayaba ɗaya, ko yankan gwanda mai cika tafin hannu, ko manyan cokula 3 na dafaffen ganye. Doya, rogo da dankali ba sa cikin lissafin. Da safe a ajiye ayaba kusa da koko da ƙosai. Waken rana ya zo da tumatir, kabeji da piya. Lemu bayan la'asar. Da dare a rage malmalar tuwon zafi, a ƙara ludayin miyar ayoyo (lalo) ko kontomire (ganyen gwaza).

Babbar matsalar ita ce haƙori, kuma tsoho ba zai faɗa ba don kunya. Zai ce kawai ba ya so. Kada a ba shi ɗanyen karas ko goba. A goge karas a zuba a miya, a dafa gauta a marmasa, a yanka ganye ƙanana ƙwarai, a zaɓi gwanda, kankana da mangwaro da suka nuna luguf. Idan yana ƙwarewa ko tari in ya haɗiye abinci, wannan na likita ne, kada a jinkirta. Ɗanɗano ma yana raguwa da shekaru, shi ya sa Hajiya ke cewa miya ta yi salam. Maimakon ƙarin gishiri da dunƙulen magi, a ƙara citta, tafarnuwa, albasa da 'yar daddawa, domin gishirin yini duka bai kamata ya kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya.

Kanwa da doguwar dahuwa suna kashe bitamin C da wasu na rukunin B. A sa ganye a ƙarshen girki, minti 5 zuwa 10, kuma kada a zubar da ruwansa. Latas da kabejin da za a ci ɗanye, sau da yawa da ruwan kwata ake ban ruwansu a lambunan cikin gari: a wanke, a jiƙa minti 10 a ruwa kofi 5 da binega kofi 1, a ɗauraye.

In tumatir ya yi tsada a kasuwar Kejetia, a bi abin da ke yayi. Kuka, busasshiyar kuɓewa da zogalen da aka shanya a inuwa suna cike giɓi. 'Ya'yan da ke aiko da kuɗin cefane su ware na kayan marmari daban, in ba haka ba shinkafa da mai za su cinye.

Mai ciwon suga ya ci lemu da tsokarsa, ya bar matsattsen ruwan. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ayaba, piya da kontomire, saboda yawan sinadarin fotasiyam da ke cikinsu. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuwa kada ya ƙara ko rage ganye farat ɗaya ba tare da sanin likitansa ba.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya,
Aboabo, Kumasi