Wasiƙa zuwa ga ɗana kan kuɗin jinginar ɗaki

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na ji saƙonka game da ɗakin da ka samu a Manchesta, da zaɓin da dillali ya ba ka: ko ka ajiye kuɗin hayar mako 5 a matsayin jingina, ko ka biya wani kamfani kuɗin mako 1 ya tsaya maka da inshora. Na lura zuciyarka ta karkata ga na biyun, shi ya sa na ga gara in rubuto, domin maganar waya ba ta zama.

Ban ga laifinka ba. Ka tashi kana ganin yadda adibas, wato biyan hayar watanni a gaba, ke wahalar da mutane a nan Ghana. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da na wata 6, amma daga Asawase har Nima, wanda bai zo da na shekara 1 ko 2 ba da wuya ya ga makulli, kuma ni kaina da nake da 'yan haya a gidan nan ba zan ce ban taɓa karɓa ba. Nauyin nan ne ya sa gwamnati ta buɗe shirin tallafin haya a 2023, tana biyan mai gida, ɗan haya yana biyanta wata-wata. Sai dai adibas daban, jingina daban. Adibas haya ce da ka biya tun kafin ka shiga, zama ne ke cinye ta, jingina kuwa kuɗinka ne da zai dawo hannunka ranar da ka bar ɗaki yadda ka same shi.

Ka ce hayarka fam 200 ce a mako. Ke nan jinginarka fam 1,000, wato iyakar da dokar Ingila ta 2019 ta yarda a karɓa a haya irin taka. Kuɗin ba ya zama a aljihun mai gida yadda ya ga dama, wajibi ne cikin kwana 30 ya sa shi ƙarƙashin ɗaya daga cikin hukumomin da gwamnati ta amince da su, kuma idan kun saɓa a ƙarshe akwai mai raba gardama kyauta. Fam 200 na kamfani kuwa sun tafi ke nan, ko da ƙusa ba ka buga a bango ba, wasu ma suna sake karɓar wani abu duk shekarar da aka sabunta zama.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan inshorar ba kai take karewa ba, mai gida take karewa. Idan ya ce ka ƙone kafet ko ka bar bashin haya, kamfanin zai biya shi, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa cif. Kai ne ka sayi laima, wani ne ke shan inuwa. A matsayina na mai gida na san daɗinta, domin ɗaki ba ya daɗewa babu kowa, kuma akwai inda za a kama idan ɗan haya ya gudu. Tana da amfani ga wanda tsohuwar jinginarsa ba ta fito ba alhali sabon ɗaki na jira, amma kai ba ka cikin wannan matsin.

Shawarata ka ajiye jinginar. Dillali ba shi da ikon tilasta maka inshorar, kuma kada ka ji nauyin tambayarsa ko yana da kamisho a ciki. Idan kuɗin bai cika ba, ka faɗa mini abin da ya rage, zan cika daga hayar shagon gaba. Ranar da za ka shiga, ka ɗauki hoton kowane lungu, har da tabon da ka tarar, ka karanta takardar lissafin kayan ɗaki kafin ka sa hannu, ka kuma adana shaidar inda aka ajiye kuɗinka.

Mahaifiyarka ta ce ka gaya mata ko yajin da ta aika ya iso. Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ka da maƙwabta na gari.

Mahaifinka