Huhun bakwaini yana nuna alamar ciwo tun makon farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin 'yan bakwaini, kuma tambayar da iyaye mata suka fi yi mini ita ce: "Sista, yaushe za a cire masa robar hancin nan?" Akwai wadda ta yi wata biyu tana yi mini ita kullum. Cikinta na da mako 28 ta haihu, yaron da ƙyar ya kai kilo ɗaya. In ya ja numfashi, sai ki ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa ta lotsa.

Abin da ya kama shi shi ne ciwon huhun da likitoci ke kira BPD, wanda Dokta William Northway ya fara bayyanawa a Amurka a 1967. Ba a tabbatar da shi sai jariri ya yi kwana 28 a kan oksijin, ko kuma yana buƙatarsa har lokacin da lissafin cikin zai cika mako 36. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Abin tausayin shi ne, oksijin mai yawa da injin hura iska da ke ceton ransa su ne kuma ke raunata huhun da bai gama ƙosawa ba.

Shi ya sa masu bincike ke neman alamun farko. Sun ga cewa sinadaran kumburi irin su IL-6 da IL-8 kan hau a jinin cibiya ko ruwan maƙogwaron jariran da ciwon zai kama, haka ma ƙwayar cutar Ureaplasma da wasu ke ɗaukowa daga mahaifa. Waɗannan gwaje-gwaje suna da tsada, ko a Turai ba su zama na yau da kullum ba.

Wanda ya fi ba ni fata shi ne sikanin huhu. Irin na'urar da ake duba masu ciki ce, sai dai a sa mata ƙaramin kai. A gefen kwalba ake yi, ba a ɗaga jariri, kuma abin da ta nuna cikin mako biyun farko yana taimakawa a gane wanda ke cikin haɗari. Na'urar muna da ita a manyan asibitocinmu. Horo ne ya yi ƙaranci.

In an gane da wuri, akwai abin yi: a daidaita oksijin da ma'auni, a fifita CPAP, wato na'urar da ke tura iska a hankali ta hanci, a kan injin hura iska, a dage da nonon uwa, a tabbata maganin kafeyin bai yanke ba. Wani babban bincike na 2006 ya nuna kafeyin ya rage ciwon daga kashi 47 zuwa 36 cikin ɗari.

Don Allah, kafin ranar bakwaini ta duniya a watan Nuwamba, ku zanta da likitan jarirai kan wannan batu, ku kuma tambayi ma'aikatun lafiya na jihohinmu yaushe za a koya mana wannan sikanin.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Kano