Amsa Ga Alhajin Da Ya Tambaye Ni Kan Littattafan Yara Masu Koyon Sihiri

Assalamu alaikum, Alhaji, Allah ya ƙara girma.

A taron iyaye da malamai na ƙarshen zangon da ya wuce ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni abu biyu: wane irin daɗi ne yara suke ji a littattafan nan na Turanci masu labarin yara 'yan koyon sihiri, har jikarka take barin tuwonta ya huce a kansu, kuma da wace hujja ni da aka damƙa wa ɗakin karatu na bar su a kan kanta alhali kowa ya san matsayin sihiri a addininmu. Kiran sallar la'asar ya katse mu ranar, kuma tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, ya kamata amsar ta zo inda sauran iyaye za su gani.

Ba mu da saɓani a kan hukuncin sihiri. Yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, kuma aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta isa gargaɗi ga mai hankali. Fatawa kan halaccin karanta ƙagaggen labari kuwa aikin malamai ne, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Abin da zan iya faɗa maka shi ne abin da ke cikin littattafan, domin na karanta su, da abin da nake gani a wurin yaran da suke aronsu.

Ka tuna cewa garin nan namu ya daɗe yana buga wa yaran Hausawa labaran aljanu da abubuwan al'ajabi. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Talifi ta Zariya ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, kuma a cikin Ganɗoki jarumin har ƙasar aljanu ya shiga. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa, wanda a cikinsa tsuntsu ne, wato aku, yake riƙe ɗan sarki da hira dare bayan dare. Na tabbata kai ma ka karanta su a firamare, kuma waɗanda suka rubuta su mutane ne masu ilimin addini, sun san iyakar da ke tsakanin tatsuniya da aƙida.

Wanda jikarka take karantawa shi ne jerin Harry Potter na J.K. Rowling, littattafai bakwai da suka fito a Ingila tsakanin 1997 da 2007. Labarin maraya ne da yake zaune a hannun yayar mahaifiyarsa, ana kwantar da shi a ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, ana fifita ɗan gida a kansa, sai ranar da ya cika shekara 11 aka sanar da shi cewa yana da gurbi a wata makarantar kwana. Yaron da ya taso yana jin tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan. Daga nan kuma kusan duk abin da ke jan yaranmu harkar makarantar kwana ce zalla: rabon ɗalibai gida huɗu, gasar wasanni tsakanin gidajen, malami mai ɗaure fuska, horon share-share, ɗan masu kuɗi da yake wulaƙanta ɗan talaka, fargabar jarrabawa, da satar fita bayan an kashe fitila. A garin da Kwalejin Barewa take tun 1949, wane gida ne ba a taɓa jin irin waɗannan labarai daga bakin wani yaya ko kawu ba?

Abu na biyu, wanda littafi guda ɗaya ba ya iya bayarwa, shi ne cewa kowane littafi shekara ɗaya ce ta karatu, don haka jarumin yana girma daga 11 zuwa 17, mai karatu kuma yana girma tare da shi. Marubuciyar takan jefa wani ƙaramin abu a littafi na biyu, ba za a gane amfaninsa ba sai a na shida, kuma akwai malamin da ba a tabbatar ko maci amana ne ko mai riƙon amana ba sai a ƙarshen na bakwai. Wannan ne yake sa musu. Na ga wata yarinya 'yar aji biyu ta ware bayan littafinta na lissafi ta ja layi a tsakiya, hujjojin da ke wanke malamin a dama, masu kama shi a hagu, kowace da lambar shafi. Kwafinmu na littafi na uku, wanda na saya a wurin masu gwanjon littattafai a Sabon Gari, bangonsa ya mutu har yaran suka yi masa riga da takardar tsohuwar kalanda, a ciki kuma suka rubuta sunayensu bi da bi da biro, wanda ya gama ya soke nasa ya miƙa wa na gaba. Mafi girman laifi a tsakaninsu shi ne wanda ya riga gamawa ya faɗi ƙarshen labari.

Shi kansa sihirin da ke ciki ba shi da wani abin koyo. Sanda ce ake kaɗawa a furta kalmomin da marubuciyar ta ƙaga, yawancinsu daga Latin, kuma yaro ɗan shekara 12 ya san haka sarai. Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne iyakokin da aka yi masa: bai tayar da matacce ba, iyayen yaron sun mutu ke nan har labarin ya ƙare, bai yaye wa gidan abokinsa talauci ba, kwancen yayyensa yake sawa, yarinyar da ta fi kowa iyawa a ajin kuwa da zaman ɗakin karatu ta samu. Mugun labarin shi ne wanda ya ƙi yarda da mutuwa, ya riƙa kashe mutane don ya dawwama, kuma ƙarshensa bai yi kyau ba.

Duk da haka, damuwarka tana da wurin zama, sai dai ni a wani gefe nake ajiye ta. Na fi sa ido a kan labarin da sihirinsa ya yi kama da abin da ake yi a bayan garinmu. Wasu littattafan yaƙi da jarumta na kasuwar Kano, waɗanda yara maza suke rububinsu, sukan nuna an je wurin boka an yi yanka an binne laya kuma bukata ta biya. Wannan ya fi sandar Bature kusa da ƙofar gidan yaro, domin ya san unguwar da ake cewa akwai irin wannan mutum. Haka Akata Witch na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2011, labarin wata yarinya zabiya a Aba: rubutu ne mai kyau, amma da yake ya ɗebo daga tsafe-tsafen da ake jin labarinsu a ƙasar nan, manyan ɗalibai kawai nake ba wa, kuma mukan zauna mu tattauna bayan sun gama. Tarin littattafan da aka yi don kwaikwayon Harry Potter kuwa, da yawansu ba su kai a ɓata musu kuɗin makaranta ba.

Akwai kuma ribar da malamin Turanci ba zai yi wasa da ita ba. Littafin farko shafi 223 ne a bugun Ingila, na biyar kuwa, wanda ya fito a 2003, shafi 766. Yarinyar da ta haye wannan da son ranta, ba bulala ba alkawarin kyauta, ba za ta firgita da nassin shafi ɗaya a jarrabawar WAEC ba.

Ga yadda nake tafiyar da kantar. Littattafai ukun farko kowane ɗalibi yana iya ara. Daga na huɗu labarin yana yin nauyi, ana kashe mutanen da mai karatu ya shaƙu da su, saboda haka sai 'yan babbar sakandare. Ba a ba da aro a makon jarrabawa, kuma wanda aka kama da littafi lokacin salla ko darasi ya rasa katinsa na wata guda. Uban da bai yarda ɗansa ya karanta ba, ya aiko da takarda, zan kiyaye ba tare da na kunyata yaron a gaban abokansa ba. Kai kuma, Alhaji, idan ka amince, zan ba jikarka littafin farko ta kawo gida a hutun nan ta riƙa fassara maka babi ɗaya bayan sallar isha'i. Babi 17 ne, kafin a koma makaranta kun gama, sannan ka yanke abin da ka ga ya dace da gidanka.

Wassalam.

Naka,
Malamin ɗakin karatu,
Tudun Wada, Zariya.