Totuwar masarar da muke ƙonawa kayan masana'anta ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani a 2022, hankalin mutanen Gombe da Bauchi ya koma kan fetur. Muna roƙon fili mu ja hankalin gwamnatocinmu kan totuwar masara, wadda ake tarawa bayan sussuka a Kumo da Billiri a banka mata wuta.

Daga totuwa ake samun sinadarin furfural, wanda matatun mai ke tace man juye da shi, masu zubin ƙarfe kuma suna haɗa gam ɗin da ke riƙe yashin zubi da shi. Kamfanin Quaker Oats na Amurka ya fara sarrafa furfural tun farkon shekarun 1920, yau kuma China ce kan gaba.

Za a farfasa busasshiyar totuwa, a yayyafa mata ruwan asid na salfa, kimanin kashi 3 cikin ɗari na nauyinta, a zuba a tukunyar ƙarfe mai murfi. Sai a riƙa hura tururi ta ƙasa a zafin digiri 150 zuwa 170 na ma'aunin Celsius har awa 4 ko 5. Tururin ne ke ɗauko furfural ɗin. Idan aka sanyaya shi, aka sake tacewa, ruwa zai tsaya sama, sinadarin ya kwanta ƙasa saboda ya fi nauyi. Tan 10 zuwa 12 na totuwa ke ba da tan ɗaya.

Inda ake yin asara shi ne wajen tururi. In ya yi ƙaranci, furfural ya daɗe cikin asid mai zafi, sai ya rikiɗe ya zama baƙin danƙo a gindin tukunya, ba abin da za a sayar. Asid ɗin kuma yana cin ƙarfe, dole a lulluɓe cikin tukunyar da bulo mai jure shi. Totuwar da damina ta daka ta yi funfuna ba ta ba da abin kirki, don haka rumbu mai rufi wajibi ne. Dusar totuwar da ta rage a tukunya bayan an gama ita za a ƙona a dafa tururin.

Totuwa ba ta da nauyi, kuɗin mota kan cinye riba, shi ya sa ya kamata masana'antar ta zauna kusa da gonaki. Muna kira ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ta Kashere su fara da ƙaramar tukunyar gwaji a kakar bana.

Wasu masu nazarin sinadarai,
Gombe