Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Kiwon Kajin Gida, Gombe

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa.

Taron wata-wata mun yi shi kamar kullum, ban da na cikin azumi.

Zan fara da maganar akurki, tunda ita ake ta yi mini waya a kai. A farkon shekara mun yi alkawarin haɗa wa kowane gida akurki mai raga saboda 'yan tsaki. Ba a gama ba. Mun sayi katako, da aka zo kan waya da ƙusa sai asusu ya ƙare, domin ko rabinmu ba su cika kuɗin wata ba. Ni da ma'aji mun taka har Pantami, Bolari da Tunfure, wani gidan sau uku, amsar dai ɗaya: "sai an sayar da zakara." Katakon yana nan a ajiye, littafin kuɗi kuma a buɗe yake ga mai son dubawa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun san inda asararmu take. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, ƙwai 10 zuwa 15 kowane zubi, ta kwana 21 a kai, kuma wajen ƙyanƙyasa ba ta da wasa. Amma a makonnin farko shirwa, sanyi da ruwan sama ke kwashe tsakin, har uwa mai 'ya'ya goma ta tsira da huɗu. Akurkin nan shi ne maganin wannan.

Alhamdu lillahi, ranar rigakafin fakat, wato annobar kaji da ake kira Newcastle, ta wanke mana zuciya. Mun sa ta a watan Oktoba da gangan, kafin iskar hunturu ta taso, lokacin da ciwon nan mai farin kashi da murɗe wuya ke share gida kaf cikin 'yan kwanaki. Maganin irin na cibiyar binciken dabbobi ta Vom ne a Jihar Filato, mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido ga babba da ƙarami. Tun da dare aka ce kowa ya kulle kajinsa, kuma an ji. Da sassafe matasanmu suka rarrabu unguwa-unguwa da kula mai ƙanƙara, yara na kamawa, iyaye mata na ƙirga. Wata dattijuwa da ta daɗe tana cewa barkono da maɗaci a ruwan sha sun ishe ta, ita ta fara miƙo kwandonta. Ma'aikacin dabbobi da ya raka mu ya hana a ɗiga wa kazar da ta riga ta kamu, ya kuma ja kunne kan haɗa kazar da aka sayo daga kasuwa da na gida kafin ta yi mako biyu a ware. A ranar ne muka ga arzikin da ke gidajenmu: shazumama masu tsaitsayen gashi, durgu masu gajerun ƙafafu, masu tsiraicin wuya da ke jure zafin bazara, da manyan kajin Fulani. Gidajen da aka yi wa sun fita hunturu da kajinsu.

Sai dai rigakafin ana maimaita shi duk bayan wata 4, kuma zagaye na biyu bai samu ba, dalilin dai kuɗi ne.

Akwai waɗanda sunansu kawai muke gani a rajista, ba taro, ba kuɗi, sai ranar rabon magani. Wasu kuma sun koma kajin gidan gona suna cewa ta gida ba ta da riba. Gaskiya ne sai ta kai wata 6 kafin ta fara ƙwai, amma da dusa, gara da tsintar tsakar gida take rayuwa, kuma kowa ya ga yadda aka yi rububinta a kasuwa da Sallah.

Mai bashi ya kawo wa ma'aji kafin taro na gaba, a nan za a sa ranar rigakafi na biyu.

Sakatariya