Gyaran Game Bar Ba Ya Buƙatar Goge Kwamfuta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu masu wasannin kwamfuta game da Game Bar, wadda a da ake kira Xbox Game Bar, manhajar da ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, wadda ake buɗewa da maɓallin Windows haɗe da G domin naɗar bidiyon wasa.

Abin da ke damuna shi ne, da zarar ta ƙi buɗewa, sai wasu masu gyara su ce dole a goge kwamfutar baki ɗaya, alhali sau da yawa matsalar ba ta kai nan ba. Mai kwamfuta ya shiga Settings, ya nemo manhajar, ya buɗe Advanced options, sannan ya danna Repair. Idan ba ta farfaɗo ba, sai ya danna Reset. In abin ya ci tura, a sabunta ta daga Microsoft Store, a kuma sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar nuna hoto ta kwamfuta.

A lura cewa ba ta naɗar File Explorer (wurin duba fayiloli) ko fuskar kwamfuta tsurarta, domin haka aka ƙera ta, ba lalacewa ta yi ba.

Naku,
Mai karatu daga Kano